Ciwon ciki da tsoron cutar kansa sun hana ni sakat

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni matar aure ce, ina da yara biyu, ina ɗinki a gida. Bara ƙanwar mahaifiyata ta rasu, ciwon daji na ciki, wato kansa, shi ne ajalinta, kuma ni na yi jinyarta har rai ya yi halinsa. Bayan sadakar arba'in sai ciki ya fara mini. Zafi a saman cibiya, kumburi da na ci abinci, gyatsa ba iyaka, wani lokacin ƙwarnafi har maƙogwaro. Yau gudawa, jibi bayan gida ya yi tauri. Yakan lafa in ce na rabu da shi, sai ya dawo.

Na je asibiti an ce olsa ce, aka ba ni omeprazole. A kemis an ɗebi jinina an ce taifot, na sha magani na sha allura. An yi sikanin an ce ba a ga komai ba. Duk sanda aka ce lafiya lau sai in samu barci na kwana biyu, daga nan zuciyata ta ce ai ba su duba da kyau ba. Cikin dare in kowa ya yi barci sai in ɗauki waya in yi ta karanta alamomin kansa, duk wadda na karanta sai in ji ina da ita. Ina danna cikina ina laluben ƙari har wurin ya yi tsami. Kwanaki na ga bayan gidana ya yi baƙi, wallahi a banɗakin na zauna ina kuka ina tunanin wa zai riƙe mini yara. Abinci na rage, kunu da shayi kawai nake iya sha. Maigida ya fara gajiya, ya ce ke kullum ciki, kullum ciki.

Don Allah wadda ta san abin nan ta taimaka. Ciwo ne ko tunani ne?

Maman Khalifa: Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Inna da rahama.

Hajiya Babba: 'Yar nan basir ne ya yi miki yawa, ba wata kansa. Ki samu sassaƙe mai kyau ki jiƙa da 'yar jar kanwa ki sha safe da yamma, duk dattin cikin zai fita. Mu da muka haifi goma da shi muka rayu.

Anti Nas: Hajiya a yi mini afuwa, amma kada ta sha kanwa da sassaƙen da ba a san ƙarfinsa ba, cikin da ke zafi ba a ƙara masa. Ƙanwata, kafin in ce komai ina da tambaya uku. Lokacin da bayan gidan ya yi baƙi, kina shan ƙwayar ƙarin jini? Kina shan maganin ciwon jiki, wane iri? Sannan kin rame ne har kayanki suka yi miki yawa, ko kuwa?

Mai tambaya: Anti eh, ina shan jar ƙwayar nan ta ƙarin jini lokacin. Maganin ciwon jiki kuma kusan kullum nake sha saboda bayana, zaman keke. Ibuprofen ne, wani lokacin diclofenac in aiki ya yi yawa kamar lokacin sallah. Na ɗan faɗa amma ba sosai ba.

Anti Nas: To kin ga an fara samun bakin zaren. Ƙwayar ƙarin jini tana mayar da bayan gida baƙi, kusan duk mai cikin da ke zuwa awo ta san wannan. Baƙin da muke tsoro daban ne: mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, sau da yawa da jiri ko kasala. Wannan jini ne daga sama, ba a kwana da shi a gida.

Sai ibuprofen da diclofenac. Su da aspirin da Feldene dangi ɗaya ne, suna rage kariyar da bangon tumbi yake yi wa kansa daga ruwan tsamin da ke narka abinci. Mutum na shan omeprazole da safe, da dare ya kora da diclofenac a kan cikin da ba komai sai shayi, yaushe zai warke? Ki ajiye su. In bayan ya matsa ki sha paracetamol, ki riƙa tashi daga kan keken kina miƙe jiki, ki sa matashi a ƙugu.

Maganar an ce olsa ce, da me aka gane? A nan duk wanda ya dafe saman ciki sai a ce olsa. Manyan abubuwa biyu da ke kawo gyambon ciki su ne waɗancan magungunan da wata ƙwayar cuta da ake kira H. pylori. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982, har Marshall ya sha ta da kansa don mutane su yarda, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tana da yawa a ƙasashenmu, yawanci tun yarinta ake ɗauka a gida, kuma mafi yawan masu ita ba ta yi musu komai. Ki nemi a yi miki gwajinta na bayan gida, ya fi na jini, domin na jini yana iya nuna akwai ko bayan an warke. Sai dai dole ki tsayar da omeprazole mako 2 kafin gwajin, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, in ba haka ba sakamakon zai iya cewa babu alhali akwai. In an same ta, magani ne na kwana 14 a haɗe, a shanye duka, sannan a sake gwaji bayan aƙalla wata guda.

Shi kuwa taifot ɗin kemis, gwajin Widal ne, shi kaɗai ba ya tabbatar da komai. Ba zazzaɓi ba komai a yi ta ɗirka miki magani, shi kansa yana hargitsa hanji.

Ki je wurin likita guda, ki faɗa masa tarihin Inna da bakinki, ki kai masa duk kwalayen da kike sha a leda. Shi zai yanke ko akwai buƙatar a zura kyamara ta baki a duba tumbin, ana yi a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Abubuwan da ba a jira da su: aman jini, jini a bayan gida, abinci na tsayawa a wuya, amai ba tsayawa, rama ba dalili, ko ciwon da ke tashin mutum daga barci kullum. Ki karanta sau ɗaya ki wuce, ban rubuta don ki riƙa dawowa kina auna kanki da su ba.

Ummu Sadik: Ki riƙa dafa wurin da hannu ki ce Bismillah sau uku, sannan A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru sau bakwai, yana cikin Sahihu Muslim. Ki haɗa da asibiti, addu'a ba ta hana neman magani. Kuma ki daina zama ke kaɗai da dare kina saƙe-saƙe.

Wata 'yar'uwa: Karanta saƙonki na yi kamar ni na rubuta. Ni bayan haihuwata ta uku abin ya same ni, sai dai ni ciwon hanta na ɗora wa kaina. Ba ɗakin gwajin da ban kai kuɗina ba, har adashina ya tafi a nan. Ina da wata jaka da na cika da takardun sakamako, in dare ya yi in baje su a gado ina haska su da fitilar waya, ina kwatanta lambar wannan wata da ta wancan.

Kin tambaya ciwo ne ko tunani. Duka biyun ne, kuma kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Wani likita ne ya zaunar da ni ya ce akwai jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka har hanji, saƙo na kai da komo a cikinta. Shi ya sa ɗalibi ranar jarrabawa yake zarya banɗaki, shi ya sa in an yi miki mummunan albishir cikinki ke fara ɗaurewa. In tsoro ya zauna, hanji yakan yi saurin motsi ko ya yi sanyi, kuma iskar da da ba za ki ji ta ba sai ta zama ciwo. Ciwon gaske ne, ba ƙarya kike ba, ko da sikanin bai nuna komai ba. Ya ce nawa shi ne wanda suke kira IBS, wato hanji mai saurin hargitsewa, ba ya rikiɗa ya zama kansa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daina dubawa. Domin dubawar tana da daɗi: ki danna ciki, ki tambayi mutum, ki yi gwaji, hankali ya kwanta na ɗan lokaci. Amma kowane zagaye kina koya wa zuciyarki cewa akwai haɗari, gobe sai ta nemi fiye da na yau. Muka yi yarjejeniya da likitan: ba gwaji sai wanda ya rubuta, in zo ranar da ya sa mini ko ina jin ciwo ko ba na ji. Wayar dare na miƙa wa maigida, a aljihun rigarsa take kwana. In faɗuwar gaban ta taso sai in ja numfashi a hankali ta hanci, in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, har jikina ya saki. Makon farko na sha wuya, ba zan ɓoye miki ba.

Daga baya ya tura ni ɓangaren masu kula da damuwa. Na ƙi da farko, na ce ni ba ta asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ba ce. Da na je sai na tarar da malamai da 'yan kasuwa da matan aure a layi, kowa da hankalinsa. Zama ake yi a yi magana, a koya miki kama tunanin tun yana tasowa. Wasu ana haɗa musu da magani, wannan na likita ne. Kuma ke fa jinya kika yi kika ga abin da kika gani, wa ya zauna ya ji naki tun bayan rasuwar?

Mai tambaya: Wallahi Yaya ba kowa. Kowa cewa yake ki yi haƙuri. Kin sa ni hawaye.

Maman Khalifa: Ni dai maganar abincin ce ta tsaya mini. Kunu da shayi kaɗai ai dole ki faɗa, sai kuma ki ga kin faɗa ki ce ga ramar kansa. Ki ci abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Ni shayi mai madara ne yake kumbura ni, amma kindirmo ba ya mini komai. Ƙanwata kuma wake da ɗanyar albasa ne nata. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da yadda kika ji, ki cire abu ɗaya ki gani, kada ki haramta wa kanki komai a rana guda. Kuma a bar cin tuwo a kwanta nan take, a ba shi awa biyu zuwa uku.

Anti Nas: Littafin yana da kyau, amma ga mai irin halinta a yi shi na mako biyu a rufe, kada ya koma wani sabon abin dubawa.

Hajiya Babba: To ni na janye kanwata, 'yan boko sun yi mini taron dangi. Amma maigidan nan a kai shi gaban likita ya ji da kunnensa. Namiji in ba a gaban wani namijin ya ji magana ba, ba ya ɗaukarta.

Mai tambaya: Hajiya kin sa ni dariya. Na gode Allah ya saka da alheri. Anti, in na tsayar da omeprazole ɗin zafin ya taso fa, me zan yi?

Anti Nas: Kada ki tsayar da kanki yau, ki fara ganin likitan ya sa miki ranar gwajin, sai ku ƙirga baya. Zafin yakan ɗan ƙaru a kwanakin farko in an daina, ba alamar wani abu ba ce. Yawanci ana barin mutum ya sha farin maganin ruwan nan na ƙwarnafi a tsakani, amma ki nuna masa kwalbar ya gani tukuna. Ki yi sammako ki yanki kati, layin safe ya fi sauƙi.