Zan kawo injiniya daga Indiya ya haɗa min injin shinkafa, wace takarda ake buƙata?

Mai Injin Casa, Auyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min. Ina da ɗan kamfanin casar shinkafa anan wajen Auyo, bana Allah ya hore na sayo sabon inji daga Indiya, kamfanin da suka sayar min sunce zasu turo mutuminsu ya haɗa ya koya ma yarana, ni kuma inaso in da hali ya zauna min shekara guda saboda tsohon injin da muke dashi rashin mai gyara ne ya kashe shi. Wani ejan yace in bari kawai ya shigo da bizar ziyara, wai ba mai zuwa ƙauye ya duba. Hankalina bai kwanta ba wlh. Sannan akwai wani yaro ɗan Damagaram da yake min aiki tun bara, shima sai na masa takarda?

Abban Khadija, Kura:
Wa'alaikumussalam Alhaji. Kar ka bi maganar ejan ɗin nan, bizar ziyara ba'a aiki da ita, in aka kama shi kai ma ka shiga ciki tunda kai ka ɗauke shi, kuma Ba'indiye a Auyo ai ba ɓoyuwa zai yi ba, kwana biyu duk gari an san da shi.

Abu biyu ne ka haɗa waje ɗaya. In haɗa inji ne kawai da koyarwa na ɗan lokaci, akwai izinin aikin wucin gadi da ake cema TWP, kamfaninka ne zai nema a wajen hukumar shige da fice, in an amince sai ya shigo yayi aikinsa ya koma. Dama saboda irin masu zuwa haɗa inji da gyara akayi shi.

Amma zaman shekara wannan doguwar hanya ce. Sai kamfaninka yana da rajistar CAC tukunna, wato hukumar rajistar kamfanoni, ba wai suna a allo kawai ba, sannan ka nemi kota daga ma'aikatar harkokin cikin gida a Abuja, wato izinin gurbin aikin da baƙo zai riƙe, kuma kotar ta kamfani ce ba ta mutumin ba, shiyasa ko ya tafi zaka iya sa wani a gurbin. Da ita zai nemi bizar STR, wato bizar mai zuwa zaman aiki, daga can ƙasarsu, in ya sauka yana da kwana 90 a daidaita masa zama a bashi katin CERPAC, shine takardar zama da aiki gaba ɗaya, kuma da dala ake lissafin kuɗinsa ana sabuntawa. Sannan zasu nemi ka nuna 'yan Najeriya da zasu koyi aikin a ƙarƙashinsa, wannan sharaɗi ne a cikin kotar.

Ɗan Maigatari:
Alhaji maganar yaron Damagaram ni zan ce wani abu tunda mu a bakin boda muke. Tun yarjejeniyar Ecowas ta 1979 ɗan ƙasashen ƙungiyar yana shigowa ba biza ya zauna har kwana 90, in zai wuce haka sai ya nemi katin zama na Ecowas. Toh Nijar ta fita daga ƙungiyar ita da Mali da Burkina Faso a watan Janairun 2025, amma lokacin Ecowas ta ce a cigaba da barin mutanensu suna shige da fice har sai an sanar da wani abu daban. Mu dai nan kasuwar Alhamis har yanzu cike take da 'yan uwanmu na can, auratayya ce tsakaninmu ba yau ba. Amma gsky ka kama hannunsa kuje ofishin imigireshin a Dutse da katin shaidarsa na ƙasa ko fasfo, su faɗa maku abinda ake yi yanzu, don yaron nan in aka tare shi a hanya ba komai a hannunsa shi zai sha wuya, ba kai ba. Na ga yadda ake sauke su a mota, abin ba daɗi.

Hajiya Mai Buhu:
Nidai shawarata Alhaji kayi na gajeren kawai. Kuɗin da zaka kashe a kota da kati da masauki da abincinsa na shekara, ka ware yara biyu masu kai su manne masa tun daga sauke kwantena har tada inji, su ɗauki bidiyo a waya ana haɗa komai. Kuma ka saka a yarjejeniyarku da kamfanin cewa koyarwar tana ciki kafin ka biya ragowar kuɗin.

Mai Injin Casa, Auyo:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Rajistar CAC ina da ita tun 2021 alhamdulillah. Na gajeren zan bi kamar yadda Hajiya tace, yaron kuma ran Litinin in sha Allah zamu shiga Dutse. Abban Khadija dan Allah TWP ɗin nan sai na samu amincewar kafin in ce ya yanki tikiti ko?

Abban Khadija, Kura:
Eh Alhaji, kar ya yanki tikiti sai takardar ta fito. Kace su turo maka hoton fasfonsa da takardun shaidar aikinsa tun yanzu.