Muhawara: igiyar teku za ta iya korar janareta daga kejin kifi?

Injiniya Sani: Jama'a, ina nan kan bakana. Gonar kifi a tsakiyar teku ba ta buƙatar jirgi ya riƙa yi mata jigilar dizal. Igiya mai tsayin mita 2 da ke zuwa duk daƙiƙa 8 tana ɗauke da kusan kilowat 16 a kowace mita ta faɗinta, dare da rana. Injin hura abinci, fitilu, kyamarori, duk za ta ɗauke su.

Malama Hadiza: Injiniya, ƙarasa lissafin mana. Idan tsayin ya sauko mita 1, kilowat 4 ya rage. Ranar guguwa kuwa, mita 8 a daƙiƙa 12, ya kai kusan 380, kuma dole na'urar da ke mayar da igiya lantarki da sarƙoƙinta su jure wannan dukan. Nan kuɗin ke tafiya. Sannan keji ruwa mai lafawa yake so: igiya ta yi ƙarfi, raga ta lanƙwashe, abinci ya fice kafin kifi ya ci.

Injiniya Sani: Shi ya sa ake girke na'urar ta gaban keji, ta sha ƙarfin igiyar kafin ta iso. Sin ta gwada a 2019 da wani dandamali mai yawo a teku mai suna Penghu, kiwo da lantarki wuri guda.

Alhaji Bala: Amma da sola suka haɗa, ka faɗa musu. Ku tuna na'urar igiyar teku ta kamfanin Pelamis a Fotugal, 2008: injuna uku, kowanne kilowat 750, ko shekara ba su yi a ruwa ba. A 2014 kamfanin ya durƙushe. Gishiri ne babban abokin gaba. Robar da ke toshe man haidirolik ta tsage, mai ya malala kusa da kifi. Ƙananan halittu masu ɓawo su manne a jikin tulun na'urar da ke yawo a kan ruwa, ya yi nauyi, ya daina bin igiya daidai. Ga dunƙulen tutiya da ake ɗaurawa don tsatsa ta ci su maimakon ƙarfen, su ma sai an riƙa sauyawa.

Dakta Rabi: Ni wadda ta fi kwanta min ita ce irin ta garin Mutriku a Sifen, tun 2011: ruwa ya tura iska cikin ɗaki, iska ta juya farfela, injin bai taɓa ruwa ba. Sai dai a jikin katangar tashar jiragen ruwa take.

Malama Hadiza: To, janareta ya tsaya ko ya tafi?

Injiniya Sani: Na yarda ya tsaya, amma a kashe, sai batir ya gaza.

Alhaji Bala: Mu da ke da Tiga da Bagauda, igiyar madatsa ba za ta kunna komai ba. Sola da batir don injin sa wa ruwa iska, musamman gab da asuba lokacin da oksijin ke faɗuwa, karfasa ta taso sama tana haki.