Injiniyancin jirgin ruwa: ɓata shekaru ne ga ɗan Arewa?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Lokacin cike JAMB ya zo, na ji yara biyu a unguwarmu suna cewa injiniyancin jirgin ruwa za su saka. Ni dai ra'ayina, yaron Kano ko Katsina da ya bi wannan hanya shekara biyar zai ɓata. Teku ba mu da ita. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, an rushe shi tun 1995. Waɗanda aka haifa a bakin ruwan ma suna yawo da takardu. Ya karanta makanikal ko lantarki, ya huta.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, wannan hujja ta rashin teku ba ta shige ni ba. Bashir Jamoh ɗan Kaduna ne, ya shugabanci NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta ƙasa, daga 2020 zuwa 2024. Awwal Gambo ɗan Kano ne, ya riƙe rundunar sojan ruwa gaba ɗayanta. Wa ya tambaye su ko garinsu yana da teku?

Malam Habibu: Hajiya, ɗaya shugabanci ne a ofis, ɗaya soja. Ni zancen yaron da zai shiga ɗakin inji nake yi.

Injiniya Lawal: To bari mai aikin ɗakin inji ya saka baki. Malam, inda ka dosa akwai gaskiya, amma dalilin da ka kawo ba shi ne ba. Inji bai san garinku ba. Abin da yake kashe wa yara gwiwa shi ne horon teku.

Mutane suna ɗauka da ka karɓi digiri sai a miƙa maka jirgi. Ba haka abin yake ba. Aikin jirgi yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya kan horo da takardun ma'aikatan jirgin ruwa, da ake kira STCW, wadda aka yi a 1978, aka yi mata babban gyara a Manila a 2010. Kafin a ba ka takardar shaidar ƙwarewa ta injiniyan da zai tsare ɗakin inji, sai ka haɗa wata goma sha biyu na horon aikin hannu a wurin gyaran injina da na teku, kuma aƙalla wata shida a ciki kana gadin inji a ƙarƙashin babban injiniya, ana sa maka hannu a littafin horo. Bayan nan ka zauna jarrabawa, har da ta baka. Jami'a tana iya ba ka darajar farko, amma in ba ka taka jirgi ba, babu kamfanin da zai damƙa maka injinsa. Kuma da gaskiyarsu. A tsakiyar teku babu bakanike a bakin titi: babban inji, janareto, famfuna, tukunyar tururi, na'urar tace mai, na'urar mayar da ruwan gishiri na sha, duk a wuyanku suke. In wani abu ya tsaya da ƙarfe biyun dare, ku ne za ku kwance shi ku ɗaure.

Matsalar ita ce gurbin kadet, wato ɗalibi mai koyon aiki a jirgi, kaɗan ne ƙwarai, masu nema kuma sun yi yawa.

Malam Habibu: Ai ka gama mini magana, Injiniya. NIMASA ta fara shirin horar da ma'aikatan jirgin ruwa, NSDP, a 2008, ta tura yara Indiya, Filifin, Masar da sauransu. Jaridu sun sha kawo labarin waɗanda suka dawo suka zauna jiran jirgin da za su yi horo a kai. In wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa ya jira, ina ga ɗan talakan da babansa ya sayar da gona? Ɗan yayata haka ya gama a wata makaranta a kudu, ya jira har ya gaji, yanzu gyaran janareto yake yi.

Alhaji Musa: Gaisuwa daga Ankara. A nan Gana muna da Regional Maritime University a Nungua, ta zama jami'a a 2007, ƙasashe biyar ne suka haɗu a kanta, har da Kamaru. Tashar Tema tana kusa da ita. Duk da haka kukan ɗaya ne, Malam Habibu: gurbin horo. Don haka kada a ɗora wa Arewa laifin, mu da muke jin ƙarar teku ma muna fama.

Aminu: Baba Lawal, ni ina cikin masu son cikewa. A Najeriya ina ake karantawa?

Injiniya Lawal: Akwai Jami'ar Jihar Ribas a Fatakwal, akwai jami'ar man fetur ta Effurun, akwai Jami'ar Neja Delta a Bayelsa, sai jami'ar harkokin ruwa ta Okerenkoko da ta fara karatu a 2018. Makarantar Oron a Akwa Ibom ita ce tsohuwa, difloma take bayarwa, horonta irin na kadet ne. Lissafi, fiziks da kemistiri su ne jarinka. Amma Aminu, kafin ka saka sunan kowace, ka tambaye su abu biyu: NIMASA ta amince da kwas ɗinsu don takardar ƙwarewa? Kuma ɗalibansu na bara, a wane jirgi suka yi horo? In suka fara kewaye-kewaye, ka gane.

Hajiya Rabi: Ni abin da yake ci mini rai daban ne. Kullum teku ake ambata, an manta da kogunanmu. A 2021 jirgi ya kife a Ngaski ta jihar Kebbi, mutane da yawa suka tafi. A 2021 ɗin dai aka yi na Bagwai ta jihar Kano, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A 2023 aka yi na Patigi ta jihar Kwara, sama da mutum ɗari suka rasu. Jiragen katako ne, an yi musu lodi fiye da ƙima, babu mai auna su. Wa zai ƙera mana masu inganci, wa zai duba su, in duk yaranmu sun guje wa fannin?

Injiniya Lawal: Allah ya jiƙansu. Hajiya, buƙatar tana nan, albashin ne babu. Mai kwalekwale ba zai iya biyan injiniya ba, guraben NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida, kuma ba su da yawa. Tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja ma da aka buɗe a 2019, mun zuba ido jigila ta kankama, shiru. Ba zan ce wa yaro ya dogara da wannan ba, ko da yake ina fata ya tabbata.

Malam Habibu: To me ya rage?

Injiniya Lawal: Ya rage cewa wanda ya samu horon, ƙofarsa a buɗe take: jiragen iskar gas na kamfanin NLNG, jiragen da ke yi wa rijiyoyin mai hidima, tashar Lekki, kamfanonin waje da ke biya da dala. In ya gaji da ruwa, masana'antu da tashoshin lantarki suna son sa, domin injinan MAN da Wärtsilä da ya saba da su a jirgi ana girka irinsu a tudu. Sai dai ya sani zai yi watanni bai ga iyalinsa ba, wani lokaci azumi da salla duk a ruwa. Akwai kuma gwajin lafiya, ido da kunne musamman.

Malam Habibu: Duk da haka ina kan bakana. Ya yi makanikal tukuna. A Indiya ma akwai kwas na shekara ɗaya da ke mayar da mai digirin makanikal injiniyan jirgi. In jirgin bai samu ba, ga digirinsa a hannu.

Injiniya Lawal: Ga yaron da ba shi da mai tsaya masa, ba zan yi musu da kai ba. Ga wanda ya samu makarantar da ke da alaƙa da kamfanin jirgi, jinkiri ne kawai za ka jawo masa.

Aminu: Baba Lawal, gwajin idon ana iya yin sa a Kano kafin in cike, ko sai na je Legas?

Injiniya Lawal: Takardar shaidar lafiyar kanta likitan da NIMASA ta amince da shi ne yake bayarwa, wannan sai daga baya. Yanzu ka je asibitin ido mafi kusa da kai, ka ce a duba maka ƙarfin gani da bambance launuka, ka kawo mini sakamakon mu duba tare.