Iskar AC ta yi rauni ga wari: filta zan canja ko a sauke dashbod?

Baban Ummi, Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Corolla ce 2010, tokumbo, da ita nake haya ta manhaja. Tun da damina ta kankama iskar AC ta yi rauni, ko na kai fanka ƙarshe sai ƙara kawai. Sanyi kam akwai, in ka kara hannu za ka ji. Ga warin ruma da zarar na kunna da safe. Mai gyaran AC ya ce sai an sauke dashbod an wanke ibaforeta, wato abin da ke sanyaya iskar a cikin dashbod, naira 85,000. Abokin aikina kuma ya ce in fara canja filtar da ke bayan akwatin gaban fasinja. Da wanne zan fara? In filta ce, ta takarda ko mai gawayi? 'Yata na da asma, kuma a motar nake kai ta makaranta.

Ɗan Kura: Wa alaikumus salam. Gas ne ya yi ƙasa, je a ƙara maka.

Malam Na Idi-Araba: Ɗan Kura, mutum ya ce sanyi na nan. In gas ne, iska za ta fito da ƙarfinta amma babu sanyi. Baban Ummi, kafin ka ba kowa sisi buɗe da kanka. Kwashe kayan akwatin, cire ɗan sandan da ke riƙe shi ta dama, matse gefunansa biyu ya sauko. Za ka ga baƙin murfi mai tsawo, filtar na bayansa. Ko sukudireba ba ka buƙata. Lura da kibiya wajen sa sabuwa: ta Toyota mai rubutun UP sama take kallo, wasu kamfanonin kuwa kibiyarsu hanyar iska take nunawa, ita ƙasa take kallo.

Alhaji Mai Sienna, Mile 12: Ɗana, kar ka yarda a taɓa maka dashbod. Ni aka yi wa. Haka tawa ta fara, iska ba ƙarfi, ga wari. Na kai wa wani mai AC, ya ce aikin yini ɗaya ne. Mota ta yi kwanaki a garejinsa, dashbod a ƙasa cikin ƙura, yaransa na tsallake wayoyi. Da ya mayar, fitilar iyabag, wato jakar iskar kariya daga haɗari, ta kama ba ta sake mutuwa ba, rediyo ya daina aiki, in na shiga gargada gaban motar duk sai karkarwa saboda ya kakkarya maƙalan. Iska kuma tana nan yadda take. Na koma, ya ce ai kwamfireso ne, injin da ke tura gas ɗin AC. Na saya. Ya ce fanka ce. Na saya. Sama da naira 200,000 suka tafi. Ƙarshe wani yaro a wurin wankin mota ya sauke akwatin nan yana share ciki, sai ga sheƙar ɓera a kan filta: ɓawon gyaɗa, tsumma, guntayen leda. Mutumin da ya wargaza gaban mota gaba ɗaya bai zaro filta ya duba ba. Na je masa da ita a hannu, ya ce shi ba a nan aka sa shi aiki ba. Allah ya isa, ban yafe ba.

Ɗan Kura: Innalillahi. Alhaji, ba ka kai shi wurin 'yan sanda ba?

Alhaji Mai Sienna, Mile 12: Da wace takarda? Ko rasit bai ba ni ba. Shugaban garejin ya ce a yi haƙuri.

Bakanike Mushin: Alhaji, Allah ya mayar da alheri, amma kar a yi mana kuɗin goro. Tokumbo da yawa in ka buɗe ramin filtar wayam za ka tarar. Motar da ta yi shekaru haka, ƙura ta haɗu da danshi ta zama laka a jikin ibaforeta, ko filtar zinare ka sa iska ba za ta wuce ba. Baban Ummi, taɓa kafet ɗin ƙafar fasinja. In da lema, bututun da ke zubar da ruwan AC ne ya toshe, daga nan warin yake. Ka kuma duba ƙasan mota bayan AC ya yi aiki, ya kamata ka ga ruwa na ɗiga.

Alhaji Mai Sienna, Mile 12: Ga irinta nan. Da laka shi ma wancan ya fara.

Bakanike Mushin: Alhaji, hannuna cikin AC yake kullum. Kai mota ɗaya ka gani.

Malam Na Idi-Araba: Amma mai cin abinci da sauke dashbod ba shi za a fara tambaya ko a sauke dashbod ba.

Sarkin Zolaya: Ku sauke gilas kawai, iskar Allah ba ta cin filta. Alhaji, ɓeran nan ya biya kuɗin haya kuwa?

Maman Hanif, Ikeja: Sarki, je ka sauke gilas a bayan tankokin Apapa, ko a Ojota in bolar Olusosun ta taso, ka dawo ka ba mu labari. Baban Ummi, tunda akwai mai asma sayi mai gawayi. Tana rage wari da ƙaurin hayaƙi sosai, ta takarda ƙura kawai take tarewa. Sai dai ba ta tare gubar salansa, don haka in kana bayan babbar mota a gosulo danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota. Ni nakan canja da zarar hunturu ya wuce, ba na jiran kilomita 15,000 da ake faɗi. Naira 14,000 na sayi tawa.

Ɗan Kura: Hajiya an cuce ki. 4,500 ce a kasuwar kayan mota ta Ladipo.

Maman Hanif, Ikeja: Wace iri? Akwai wadda aka rina baƙi kawai ake cewa mai gawayi ce. Ta gaske ta fi nauyi da kauri a hannu.

Bakanike Mushin: Ta asali a kwalinta ba ka samunta ƙasa da 20,000 yanzu.

Direban Sakkwato: Ni ban taɓa saya ba. Mai faci ke hure min ita da iska, shi ke nan.

Malam Na Idi-Araba: Iskar mai faci tana yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye. Masu wanke ta da ruwa kuma su suka fi jawo ruma.

Baban Ummi, Agege: Na gode. To in na buɗe na tarar babu filta sam, in sa sabuwa in gwada ko in wuce wanki kai tsaye?

Abban Sadiq, Obalende: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ma daban ne. Mu gyara AC da kuɗinmu, mu sayi mai da kuɗinmu, fasinja ya shigo kafin ya amsa gaisuwa ya ce a kunna. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin bai sake fita ba. Ka tsaya cak a gadar Third Mainland AC na shan mai, kuɗin tafiya bai taka kara ya karya ba, kamfani ya cire kasonsa.

Ɗan Kura: In ka kashe kuma ya rage maka tauraro a manhaja.

Maman Hanif, Ikeja: To ai mu ma kuɗin mota mai AC muka biya, ba na danfo ba.

Abban Sadiq, Obalende: Hajiya, nawa kika biya daga Ikeja zuwa Lekki, kuma lita nawa kike jin na ƙona a hanyar? Kawo lissafin nan mu yi shi a gaban kowa.