Wace kalma za mu bai wa "ascribe": jingina ko danganta?

'Yan'uwa masu fassara, ku zo mu yanke wa "ascribe" hukunci. Bature na amfani da ita idan zai ce wane ne mai magana kaza ko aiki kaza, ko abu kaza ne silar abu kaza.

Asalinta Latin ne, "ascribere": "ad" na nufin zuwa ga, "scribere" kuma rubutawa. Romawa kan faɗe ta idan aka ƙara sunan mutum a rajistar 'yan gari. Ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci a ƙarni na 14 da siffar "ascrive", sai a ƙarni na 16 aka maido mata da "b" ɗinta na Latin. Tun fil azal dai aikinta shi ne rubuta abu a gefen sunan wani.

Wasu sun kawo "laƙaba". Ban yarda ba, domin a kunnen Bahaushe laƙabawa sharri ne, an manna wa mutum abin da bai yi ba. "Ɗora" ma ta fi sabawa da laifi. "Yaba" kuwa ta yi wa kalmar kaɗan.

Ni "jingina" na zaɓa. Ku saurari malamin zaure yana karanta hadisi: zai ce "an jingina wannan magana ga sahabi wane", sannan ya tsaya ya duba ko ta inganta. Bai gaskata ba, bai ƙaryata ba, ya dai faɗi inda aka ajiye maganar. Wannan tsakatsakin shi ne ainihin "ascribe". Ita kanta kalmar isnadi, wato jerin masu ruwayar hadisi, tushenta a Larabci jingina yake nufi, to kun ga kunnenmu ya daɗe da sanin wannan ma'ana.

Wani malami ya ce "jingina" za ta rikice da jinginar da gona. Allah ya gafarta Malam, "ga" ɗin da ke biye da ita ya raba gardama. Ba wanda zai ji "an jingina waƙar ga wane" ya ɗauka bashi aka ci.

Inda zan sassauta shi ne wajen aiki da dalili. Nan "danganta da" ta fi daɗin baki: ana danganta fara ginin ganuwar Kano da Sarki Gijimasu, likita ya danganta zazzaɓin da cizon sauro. Magana da rubutu mu jingina su ga mai su, aiki da sila mu danganta.