Gwajin DNA ɗina ya saɓa da na ɗan baffana, me zan rubuta a salsalar gidanmu?

Ɗan Misfala ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ne mai riƙe da salsalar gidanmu a wani shafin intanet da dangi ke haɗuwa kowa ya ƙara abin da ya sani. Mu kusan goma sha biyu ne masu ikon gyara, daga Makka, Jidda, Gadarif da Kano. Kakan mahaifinmu ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yada zango a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya bar ɗa ɗaya a can, ya ƙetaro teku da kakana ta tashar Sawakin zuwa ƙasar Makka.

Bara na yi gwajin Y-DNA, wanda ke bin layin uba kaɗai, a FamilyTreeDNA. Reshena, wato rukunin zuriyar uba da gwajin ya sa ni a ciki, ya fito R-V88. Na shigar da shi a shafina, sai ga shi ya hau kan mahaifina, kakana, har kan tsohon. Da azumi ɗan baffana na Sudan ya zo Umra, na sa shi ya goga tsinken audugar nan a kumatunsa bayan mun sha ruwa, na aika. Nasa ya fito E-M2. Shi bai ma gane bambancin ba, amma ni kwana uku ban yi barcin kirki ba. In saka duka biyun ne, ko in cire nawa?

Hausawi_Jidda ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kuskuren farko shi ne barin sakamakonka ya hau kan kakanni. Gwajin mutum ɗaya shaida ce a kan shi kaɗai. Ba a ɗora reshe a kan kaka sai jikoki biyu ta 'ya'yansa daban-daban sun yi gwaji sun dace. Kai yanzu biyun sun saɓa, to abin da ka sani kawai shi ne akwai gaɓar da ta katse a ɗaya daga cikin layukan. Wanne? Ba ka sani ba. Yana iya zama naka ne, kada ka manta da wannan.

R-V88 da E-M2 sun rabu tun dubban shekaru, ba bambancin da za a ce kuskuren lamba ɗaya ba ne cikin alamomi 37 ɗin da gwajin ke dubawa. Kuma dukansu na gida ne: V88 ya yawaita a tsakanin Hausawa da maƙwabtansu na kewayen Tafkin Chadi, E-M2 kuwa ya cika Afirka ta Yamma. Sai ka nemo na uku, jikan wani ɗan tsohon ko jikan ƙaninsa. Kafin nan kowa sakamakonsa ya tsaya a shafinsa a rufe. Lambar gwajin ɗan baffanka kuma tasa ce, kada ka manna ta a fili ba da izininsa ba. 

Goggo a Gadarif ta amsa:

Ɗana, ku yaran yanzu kun ɗauka duk wanda aka kira ɗan wane to haifarsa aka yi. Hanyar nan shekaru ake yi a kanta. A yi noman damina a Jinaina ko Fashir a yankin Darfur, a tara guzuri, a ƙara gaba. Mutane nawa aka binne a hanya? In iyaye suka rasu, madugu ko malamin ayari ne ke ɗaukar yaron, ya tashi a gidansa, ya aurar da shi. Ga agola, ga almajirin da ya girma har aka manta sunan ubansa. Kakata tana da wani wa da ba ta san ɗan riƙo ba ne sai ranar rabon gado. Kafin ka zargi wata baiwar Allah da ke kwance a kabarinta, ka je ka durƙusa gaban tsofaffinku ka tambaya, tun suna raye.

Malam Na Rusaifa ya amsa:

Goggo ta faɗi gaskiya. Hadisi ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, a zamanta na 16 a nan Makka a 2002, ta yanke cewa ba a dogara da wannan gwaji wajen kore nasaba, ba a kuma yin sa don bincikar nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a. Jera sakamakon biyu a gaban mutum goma sha biyu, kowa da fassararsa, hanya ce ta ƙazafi.

Ɗan Misfala ya dawo:

Na gode. Na cire nawa daga kan kakanni, na rufe shi. Jiya na kira Baffa ta WhatsApp, ban ambaci gwaji ba, na ce dai ya ba ni labarin zaman Mai Wurno. Ya yi shiru, sannan ya ce in bari sai ya zo Hajji mu zauna. Hausawi_Jidda, ga yadda Malam ya faɗa, neman na ukun nan na dakatar da shi tukuna.