Wai Inna ta dafa dutse, to wa ya sha romon?

Autar Inna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya aka yi addu'ar arba'in ɗin mahaifiyarmu a nan unguwar Birni ta Damagaram, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Akwai maganar da ta tsaya min a maƙoshi tun zaman makoki, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce ai Inna ta yi haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Wlh na ji ta ya fi a ƙirga, ni dai ina cewa amin amma zuciyata ba ta yarda ba. Matar nan mu tara ta haifa, ta riƙe 'ya'yan ƙanen Baba guda uku, ta yi jinyar kakarmu shekara bakwai tana ɗaga ta tana kwantarwa tana wanke mata zani da dare kar maƙwabta su gani, kaka na rasuwa ba a jima ba Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki ta koma kanshi, shekara shida. Da alkakin da take yi ana kai mata kasuwar Dole ta saya mana kaye da bik. Ta dafa dutse kam na yarda, amma yaushe ta sha romon? Ni abin da na gani mu muka sha. Dan Allah masu Hausa ku fassara min karin maganar nan ko ni ce ban gane ba.

Tsohon mushen lakwal:
Allah Ya gafarta mata 'yata, Ya ba ku haƙurin rashi. Ki lura da yadda maganar ta zo. Ba a ce ya ci dutsen ba, an ce ya sha romo. Dutse ko shekara ɗari zai yi kan wuta dutse ne, mu mutan Damagaram mun fi kowa sanin haka tunda cikin duwatsu muka buɗe ido. Ke nan Bahaushe bai yi wa mai haƙuri alkawarin wahala za ta koma nama ba, ya ce dai daga abin da kowa ya fidda rai shi zai fidda ɗan abin da zai jiƙa maƙoshi. Kuma da yawa ma a dafa dutse suke tsayawa, ba su kai ga romon.

Maman Biyu ta Zango:
Mushe ka yi min haƙuri amma ni maganar nan ta ishe ni. Ranar da za a kai yarinya ɗaki me ake ce mata? Yi haƙuri, yi nai bari na bari. Ta dawo gida da kuka a ce koma, mai haƙuri ke dafa dutse. Ta tsufa ta mutu a zo a zauna kan tabarma a sake maimaita mata ita. Ban taɓa jin an zaunar da namiji an karanta mishi ita don ya yi jinyar uwarshi da hannunshi ba, kullum matarshi ce za ta yi. Ƙanwata gaskiyarki, ke kin ga abin da ido.

Ɗan Garin Malam:
Hajiya a yi a hankali, kar ɓacin rai ya sa mu zubar da haƙurin gaba ɗaya. Romon da ake nufi ba lalle nan duniya ba ne. Allah Ya ce a Suratuz Zumar aya ta 10 masu haƙuri ana cika musu ladansu ba da lissafi ba. Kuma addini bai ce a bar uwa da kaya ita kaɗai ba, mutum ya tambayi Annabi (SAW) wa ya fi cancanta in kyautata mishi, ya ce mahaifiyarka har sau uku kafin ya ce mahaifinka. In an bar ta da wahala laifin mutane ne.

Maman Biyu ta Zango:
To Malam ai abin da nake faɗa ke nan. Ladanta na wurin Allah ba mu da shakka, amma masu faɗin karin maganar da ita suke wanke kansu. An bar ki da hura wuta ke kaɗai, sannan a zo ana yabon ki da iya hura wuta.

Tsohon mushen lakwal:
Nan kam ba zan musa miki ba Hajiya. Akwai bambanci tsakanin mai haƙuri ya faɗa wa kanshi maganar don ya samu ƙarfin gwiwa, da wanda ya ɗora mishi dutsen ya faɗa mishi. A bakin na farko magani ce. Na biyun kuwa bai da hurumin faɗinta. Kuma matan garin nan na zamanin Innarku dutsen da suka dafa ba na aure kaɗai ba ne. Ƙishirwar Damagaram tsohuwa ce, tana cikin dalilan da suka sa Nasara suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Sun ga yunwar 1984 da muke ce wa El Buhari lokacin da iyakar Najeriya ke rufe, sun ga karyewar sefa a 1994 da kuɗi ya rabu biyu dare ɗaya, mu masu albashi ma sai da muka ji a jika balle mai tuyar alkaki da ke sayen alkama da sukari da mai, sun ga yunwar 2005. Duk a kan murhunsu abin ya sauka.

Babban Yaya (daga Agadas):
Auta ni ne. Na karanta tun ɗazu na kasa rubutu. Ke ba ki yi wayo ba lokacin da ruwan famfon da ake turo wa gari daga Gogo da Arunguza ke kwana da kwanaki bai iso unguwa ba, Inna na tashe ni ƙarfe uku na dare mu tafi layin famfo da bido huɗu, ita biyu a hannu tulu a kai, in ba a samu ba kuɗin cefane ne zai tafi wurin 'yan garuwa. Shekarar da na fara aiki na ja mata famfo cikin gida. Ranar da ruwa ya zo ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunno ta zauna gabanshi, ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta yi shiru can ta ce yau ni ce ruwa ya biyo har ɗaki. Ta aika aka kira matan maƙwabta su zo su ɗiba. Ni a wurina ranar ta sha romo, na ga fuskarta.

Autar Inna:
Yaya na san labarin famfon, ta sha ba mu shi tana dariya. Amma lokacin da ya zo gwiwoyinta sun riga sun tafi, kuma ruwan ma wankin Baba ta yi ta yi da shi. Ni na kwana da ita shekarun nan na ƙarshe. Sau uku take tashi cikin dare ta juya shi kar bayanshi ya yi gyambo, ta dama mishi koko ta ba shi a cokali, in ya ƙware ta dafa mishi ƙirji tana sannu Malam sannu. Ordonas ɗinta, takardar maganinta na hawan jini, na tsinta ninke cikin kwanon goro bayan ta rasu, wata uku ba ta saya ba, kuɗin da kuke aikowa na maganin Baba take fara cirewa. Ba laifinka nake gani ba Yaya, har da ni, ina gidan ban lura ba.

Ɗiyar Mirya:
Allah sarki Inna. Ni da za a bi tawa, wadda ta dace da irinsu ita ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya, su ne maɗaurin. Gidanmu tunda tamu ta rasu ko sallah ba mu haɗuwa.

Ɗan Garin Malam:
Waccan ai ta haɗin kai ce, ana faɗa wa 'yan uwa ne su riƙe juna, ba yabon mamaci ba ce. Amma ta shafe su yanzu kam.

Jikar Gwaggo:
Gwaggo ce ta ce in rubuta, ƙanwar Inna, na karanta mata duka tana kuka. Ta ce a faɗa wa Auta ita tunda suka taso ba ta taɓa jin yayarta ta yi wannan karin maganar ba ko sau ɗaya, mutane ne ke faɗinta a kanta. Ta ce tata guda ce, da ruwan ciki kan ja na rijiya, ita take faɗa in za ta tilasta wa yaro ya sha fura kafin ya fita. Kuma ta ce ta sha ce mata Yaya ke fa naki cikin, sai ta ce na ci a madafa.

Autar Inna:
Wayyo Gwaggo. Haka take cewa wlh, na ci a madafa, kuma ƙanzo ne kawai take jiƙawa. Ni ma ta sha faɗa min da ruwan ciki in zan tafi lakwal ban karya ba, har ta biyo ni zaure da kwanon.

Babban Yaya (daga Agadas):
Auta yanzu wa ke juya Baba da dare?

Autar Inna:
Ni ce Yaya, kwana arba'in da ɗaya yau. Har yanzu in na taɓa shi sunanta yake kira.

Babban Yaya (daga Agadas):
Na nemi hutu, ranar Alhamis in sha Allah ina hanya. Dare nawa ne har in koma, kuma zan kira sauran mu zauna a raba kwanakin, maza da mata, ba matanmu za mu turo ba. Ki ajiye min ordonas ɗin nan kar ki yar.